Jarumin da Ya Ƙi Tashi

Ranar da Kotresh ya fara zuwa gidanmu, matsattsaku sun yi masa ca a ƙafa bai sani ba. Ni na fara ganin jini yana bin diddigensa yana ɓata mini daɓen baranda. Na ce, "Ɗana, kafin ka faɗi abin da ya kawo ka, zauna in zuba maka gishiri." Da ya dubi ƙafar sai ya daka tsalle ya kurma ihu kamar wanda ya taka kububuwa. Maigidana, Thimmappa Gowda, yana kan kujerarsa yana taunar ganye da adike, goron ƙasarmu mai fitowa a dogon itace irin na kwakwa, ko gezau bai yi ba.

Ya ce, "Wannan ba ɗan ƙasar ruwa ba ne. Daga ina?"

"Daga wajen Ballari, Gowdre." Haka ake kiran maigida a nan don girmamawa.

"Na faɗa. Ku da sai a hoto kuke ganin ruwan sama."

Kotresh ya zauna ina zuba masa gishiri, yana cije baki yana bayani. Shi darakta ne, zai yi fim ɗinsa na farko, kuma ya zagaye duk ƙasar Tirthahalli bai ga gida irin namu ba: rufin jan tayil, ginshiƙan katako, tsakar gida a buɗe, ga lambun adike ya gangara har bakin kogin Tunga. Maigida bai bari ya kai aya ba ya ce silima aikin marasa aiki ne, kuma ba zai bari a tattake masa lambu ba.

Ni kuwa daga ƙofar madafa na ce, "Ruwa bai ɗauke ba, ina za shi? Ya ci abinci tukuna."

Yana cin gurasar shinkafa da miyar kwakwa ya fara ba mu labarin fim ɗin, ba wanda ya tambaye shi. Saurayi ne mai hawan itatuwan adike yana sauko da goro, da wata malamar makaranta da aka turo ƙauyen daga birni. Ita tana ganinsa ɗan ƙauye mai girman kai, shi yana ganinta 'yar birni da ba ta iya tafiya a taɓo ba. Kotresh ya iya ba da labari. Har kofi ya tafaso ya zube a murhu ban ji ba. Da ya kai wajen da iyayen malamar suka zo ɗauke ta, sai ya yi shiru ya tashi wanke hannu.

Maigida ya yi gyaran murya. Ya sake yi. Can ya ce, "To daga ƙarshe ya aure ta ko kuwa?"

Kotresh ya ce, "Sai kun ba ni gidan, Gowdre."

Haka aka yi muka ba da gidan.

Da damina ta fara ja da baya suka zo, motoci cike da fitilu da wayoyi da mutane masu gajeren wando. Aka fasa kwakwa a gaban kyamara, aka yi mata ɗigon ja a goshi kamar amarya, aka fara aiki. Fim ɗin suka sa masa suna Mai Hawa.

Jarumin sunansa Sudhanva, ɗan wani tela ne daga Mandya, ya taso a ƙungiyar wasan daɓe, wannan ne karon farko da zai ja fim. Dogo ne, baƙi, ga dariya da ƙarfi kamar ana buga tulu. Ba ya zama wuri ɗaya. In ba a ɗaukarsa, ko yana madafa yana satar mini soyayyar ayaba, ko yana lambu tare da wani mai suna Babanna, mai yi mana hawa. An tanadi wanda zai riƙa hawa a madadinsa, ya ce shi kam ba za a ara masa ƙafa ba. Ya ɗaura igiya a ƙafa ya koya, ya saɓule cinya, ya koma. Kafin wata ya zagayo yana kaiwa ƙololuwa, ya lanƙwaso itacen ya kamo na kusa ya tsallaka kansa ba tare da ya sauko ba. Ranar da ya fara yin haka maigida ya tofar da jan yawu ya ce, "Yaron nan dai ɓata shi aka yi da silima."

Jarumar kuwa Impana, ita ta riga ta yi suna a Bengaluru, ta yi finafinai da manya. Na zaci za ta zo mana da yanga. Sai ga yarinya 'yar ƙarama, mai magana ɗaya, mai ido kamar na malamar gaske. Tana zuwa ta taɓa ƙafata don gaisuwa ta ce, "Amma, a ina zan ajiye takalmi?" Amma a yarenmu uwa ke nan, haka duk suke kirana. Ba ta da yawan dariya, amma Sudhanva ya san inda yake samo ta. Yana kiranta Malama ko ba a ɗauka, ita tana kiransa Biri.

"Biri, sauko, darakta na nema."

"Malama, in kin isa hau ki sauko da ni."

"Ni ba na hawa wurin da aka tanadar wa danginku."

Ina jin su ina niƙa, ina murmushi ni kaɗai. Na haifi 'ya'ya na aurar, na ɗauka na san abin da nake gani. Akwai wata fitowa da aka ɗauka a bakin kogi, ya riƙa mata laima shi yana jiƙewa, ita ta ƙi dubansa har sai da suka kai gada. Da ta ɗago ta dube shi, na rantse ba wanda ya yi numfashi a wurin, har masu riƙe fitila. Da yamma na ce wa maigida, "Waɗannan biyun, ka sa ido." Ya ce, "Ke dai ko akuya biyu kika gani a tsaye sai kin ɗaura musu aure."

Sun gama kusan rabin fim ɗin aka ba da hutun bikin fitilu. Sudhanva ya hau babur zai je ya ga mahaifiyarsa. Na ƙulla masa zuma da barkonon lambunmu, ya rataya, ya ce, "Amma, in na dawo ki yi mini wainar nan ta ganyen kurkur." A wata kwana ta hanyar dutse babbar mota ta kwaso ta matse shi. Bai mutu ba. Da Kotresh ya bugo waya muryarsa ba ta fita sosai, abin da na iya ji kawai shi ne ƙashin baya, da kuma cewa likitoci sun ce daga ƙugu zuwa ƙasa sai dai haƙuri.

Na zauna a bakin rijiya na yi kuka har na gode wa Allah. Yaron da yake tsallaka itace a sama kamar tsuntsu, ba itacen ya kayar da shi ba, sai titi.

Bayan 'yan makonni furodusan ya zo gidanmu, wani mai ƙiba mai zobba, ana kiransa Settru. Ba mugun mutum ba ne, in faɗi gaskiya. Ya ɗauki nauyin aikin da aka yi wa yaron a asibiti tun kafin a roƙe shi. Amma ɗan kasuwa ne. Ya zo da Kotresh da Impana da hoton wani saurayi fari mai faffaɗan ƙirji, suka zauna a baranda na kawo kofi.

Settru ya ce, "Abin da ya faru ya faru. Ga sabon jarumi. A sake ɗauka daga farko, kafin a gama girbi mun gama."

Kotresh yana kallon ƙasa ya ce, "Ba zan iya ba, Sar."

"Ba za ka iya ba? To darakta ba shi da wuyar samu a Gandhinagar, unguwar 'yan fim. In ka jefa dutse can, kan darakta zai faɗa."

"Na sani, Sar. Amma ni na ga abin da yaron nan ya yi. In na sa wani a wurinsa, kullum na duba kyamara shi zan gani."

Settru ya juya wajen Impana. "Ke dai kin san harka, 'yata. Faɗa masa."

Ta ajiye kofinta. Ta ce, "Sar, ni da shi na fara. Ranar da aka fasa kwakwa mu biyu muka riƙe ta. In ana son wata jaruma, ita ma ba ta da wuyar samu."

"To me kuke so? In jira har ya tashi? An ce ba zai tashi ba."

Kotresh ya ɗago. "Ba sai ya tashi ba. Mai hawa ne a labarin. Masu hawa suna faɗowa, Gowdre shaida ne. Zan sake rubuta rabin na biyu."

Settru ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce su duka biyun mahaukata ne, jarumi a keken guragu ko kyauta ba mai kallo. Ya tashi, ya manta hoton saurayin a kan tabarma. Maigida ya ɗauka ya juya shi gaba da baya ya ce, "Wannan ko tsani ba zai hau ba."

Matsalar ita ce shi mai abin ba ya so. Muka tafi asibiti a Mangaluru duba shi, ni da maigida da Impana. Na kusa ban gane shi ba. Ya rame, gemu ya cika masa fuska, ya juya wa ƙofa baya yana kallon bango. Mahaifiyarsa tana gefe tana ɓare lemon da ba zai sha ba. Na ajiye wainar da na yi masa, bai duba ba.

Da Impana ta faɗa masa shawarar Kotresh, sai ya yi wata dariya marar daɗi. "Sadaka za ku ba ni? A turo ni gaban jama'a su ce wayyo? Malama, je ki yi aikinki. Na ji kin ƙi fim biyu saboda ni. Ban roƙe ki ba."

"Ba ka roƙe ni ba."

"To ki bar ni."

Na zaci za ta yi kuka. Sai ta jawo kujera ta zauna dab da gadon. Ta ce, "Biri, saurara. Ni na yi wasa da jarumai masu ƙafa biyu lafiyayyu, wasu da ƙyar suke tuna sunan da aka ba su a fim. Ka ɗauka don ka iya hawa itace na tsaya? Babanna ya fi ka iya hawa, me ya sa ban ce da shi zan yi ba? Ranar laima, da na dube ka, kai ne mutum na farko da ya mayar mini da kallo har na manta akwai kyamara. Wannan ba a ƙafa yake ba. In ka ce ba za ka yi ba don ba ka so, shi ke nan. Amma kada ka ce mini sadaka, don ni marowaciya ce, tambayi kowa."

Ya sake juya fuskarsa bango. Muka fito. A mota maigida ya ce, "Yarinyar nan da namiji ce da ta riƙe lambu."

Shekara guda aka yi. Kotresh ya koma ɗaukar bukukuwan aure da tallar sabulu, yana rubutu yana yagewa. Impana ta yi zaman gida, jaridu suna cewa tauraronta ya dushe. Sudhanva yana wajen masu gashin ƙashi yana koyon yadda zai tashi daga gado zuwa keke da ƙarfin hannu. Wata rana ya bugo wa Kotresh waya ya ce, "Anna," wato yaya, "abin da ka rubuta na karanta. Ba haka gurgu yake ji ba. Zo in faɗa maka." Daga nan suka ci gaba da rubutun tare.

Shi kuwa Settru, Kotresh ya haɗa rabin farko ya kai masa gida. Matarsa ce ta kalla tare da shi. An ce da aka kai wajen laima ta ce masa in bai ƙarasa fim ɗin nan ba, ya nemi mai dafa masa abinci. Ya dawo, amma da sharaɗi ɗaya: a ƙarshe dole jarumi ya miƙe tsaye. Kotresh ya ce to, don dai a fara.

Kafin su dawo maigida ya kira magini ya rushe matakalar baranda ta gefe, aka yi gangara da siminti. Matakalar nan kakansa ne ya gina ta. Na ce, "Kai da ka ce kada a taɓa maka ko bulo?" Ya ce, "Gwiwata ce ke ciwo." Gwiwarsa lafiya lau.

Sudhanva ya hau gangarar da kansa, ya ƙi a tura shi. Kafaɗunsa sun yi faɗi, dariyar ta dawo amma ta yi ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana kallon lambu, inda Babanna yake can sama yana yanko goro. Can ya ce, "Amma, ina wainata? Wancan karon ban ci ba, uwata ce ta cinye."

Aikin wannan karon ya fi wuya. Ba ya iya daɗewa a zaune, sai a tsaya a kwantar da shi a juya shi. Wani lokaci ƙafar takan kama rawa da kanta a tsakiyar ɗauka, ya danne ta da hannu ya ce, "Ita ma so take a san da ita." Akwai ranakun da yake huce haushi a kan kowa, har ni. Ya taɓa jifa da kwanon abinci don na ce bari in taimaka masa ya wanke hannu. Daga baya ya turo kekensa har ƙofar madafa ya ce, "Amma, ki mare ni." Na ce hannuna da ƙullu, ya dawo an jima.

Fitowar da ba zan manta ba ita ce wadda malamar ta dawo ƙauye bayan ta ji labarin faɗuwarsa. A labarin, yana kwance a tabarma ya hango ta tana tahowa ta lambu, ba ya so ta gan shi haka. Dole ya ja jiki da hannu daga tabarma har ƙofa ya rufe kafin ta iso. Kotresh ya ce za a yanka ɗaukar gida-gida don kada ya wahala. Sudhanva ya ce a'a, a bar kyamara ta tafi.

Aka ce a fara. Ya mirgino daga tabarma, ya kafa gwiwar hannu a daɓe ya ja, ƙafafun suna binsa a baya kamar ba nasa ba. Ba kiɗa, ba komai, sai numfashinsa da ƙarar jikinsa a kan daɓe. Ya kai ƙofa, ya tura ta, ya jingina bayansa da ita. Impana ta iso ta buga. Ta kira shi. Ya toshe bakinsa da hannu. Ta ce, "Na ga ƙafarka ta ƙarƙashin ƙofa." Ya ce, "Ba tawa ba ce yanzu. Koma inda kika fito." Ta zauna a waje ta jingina da ƙofar ita ma, ta ce, "To sai mu ga wanda zai fara jin yunwa."

Sai kawai muka ji murya daga bayan fitilu: "Kai wawa, buɗe mata ƙofa mana!"

Maigida ne. Ya miƙe tsaye, tawul ɗinsa ya faɗi, ido ya yi ja. Kotresh ya dafe kai. Mai ɗaukar sauti ya cire abin kunnensa ya ajiye. Sudhanva kuwa yana kwance a bayan ƙofa yana dariya har da hawaye, yana cewa, "Gowdre, kun kashe ni, yanzu sai na sake jan ciki!" Ya sake kuwa. Aka kori maigida zuwa rumbu har aka gama.

Rigimar ƙarshen fim ta taso ana saura kaɗan a kammala. Settru ya zo da kansa da wani saurayi mai tsayin Sudhanva. Za a ɗauke shi ta baya yana miƙewa daga keke a gaban ɗakin bauta, ana buga ƙararrawa, malama tana gudu ta rungume shi.

Sudhanva ya saurara har aka gama. Ya ce, "Sar, kun yi mini abin da ko ɗan'uwa sai haka. Amma ba zan tashi ba."

"Ba kai za ka tashi ba, shi zai tashi."

"Da sunana zai tashi. Sar, a ɗakin da na kwanta akwai wani direba daga Sullia, akwai wani yaro da ya faɗo daga gini. Sun ce za su zo kallo ko a kafaɗa za a ɗauko su. In na miƙe a ƙarshe, me na faɗa musu? Cewa ba a son mutum sai in ya warke? Cewa matansu su jira ƙararrawa?"

Settru ya ce, "Jama'a suna biyan kuɗi ne su fita da farin ciki."

"To mu ba su farin ciki ina zaune."

Aka yi ta ja har rana ta karkata. Daga ƙarshe Kotresh ya ce a ɗauki duka biyun, Settru ya zaɓa. Aka ɗauki ta ɗakin bauta. Washegari aka ɗauki ta Sudhanva, a tsakar gidanmu, lokacin ɓarar goro. Mata sun zauna a jere kowacce da wuƙarta a kafe a katako, shi ma yana cikinsu yana ɓara, suna yi masa tsiya wai namiji a aikin mata. Malamar ta shigo da jakarta ta makaranta, ta ture matar da ke gefensa ta zauna ta ɗauki goro. Ta yanke yatsa. Ya ce, "'Yar birni." Ya kama yatsan ya ɗaure da gefen tawul ɗinsa, ya nuna mata yadda ake riƙewa. Suka ci gaba da ɓara suna gardamar wanda tarinsa ya fi yawa. Shi ke nan. Ina cikin matan nan, ta uku daga hagu, in kun taɓa ganin fim ɗin.

Settru ya kalli duka biyun a ƙaramin allo. Ya daɗe yana juya zobensa. Ya ce, "In fim ɗin nan ya faɗi, ku ukun za ku zo ku ɓare mini goro har ku mutu." Ya zaɓi ta ɓarar goro, ya sallami saurayin mai tsayi.

Ranar da za su tafi na kasa haƙuri. Impana tana ɗaki tana haɗa kaya, na shiga na rufe ƙofa. Na ce, "'Yata, ni tsohuwa ce, ba na kwana-kwana. Yarinyar da ta jira namiji shekara guda, ta ƙi aiki, ta sha zagin jarida, ba sai an faɗa mini ba. In kunya kike ji, ni zan je Mandya wajen uwarsa."

Ta dube ni, sai ta fashe da dariyar da ban taɓa jin ta yi ba, har ta zauna a kan akwati. Ta ce, "Wayyo Amma! Ni da Biri? Ai da mun kashe juna kafin a kwance lalle." Ta ciro waya ta nuna mini hoton wani mutum mai tabarau da sanƙo ya fara ci, yana riƙe da ɗan maraƙi. Likitan dabbobi ne a Hassan, sunansa Lohith. Tun suna makaranta suke tare. Aurensu ma an ɗaga shi ne saboda fim ɗin, kuma shi ya ce mata ta tsaya ta cika abin da ta fara.

Na ce, "To don me kika yi duk wannan?"

Ta ce, "Amma, dole sai ana son mutum da aure za a tsaya masa?"

Na fito ina gyara zani. Maigida yana baranda, ya dubi fuskata ya gane, ya buɗe baki, na ce, "In ka ce uffan yau ba kofi."

Fim ɗin ya fito bayan bikin sabuwar shekara. Muka shiga motar safe zuwa Shivamogga, maigida ya sa farar riga da ya ajiye tun auren autarmu. Makon farko silimar rabi ce. Mako na biyu mata suka fara zuwa ƙungiya-ƙungiya, suna jawo mazansu. A ranar da muka je, na ga wasu samari sun ɗauko wani mutum da kekensa suna hawa da shi matakala, matarsa tana biye da jaka tana yi musu faɗa su bi a hankali. Da aka kai wajen jan ciki, silimar da aka saba fito da ihu ta yi tsit, har ana jin fanka. Da malamar ta ce sai mu ga wanda zai fara jin yunwa, wata mata a bayanmu ta ce, "Yawwa 'yata!" aka kwashe da dariya ana share ido. Bai zama fim ɗin da ya fi kowanne kasuwa a shekarar ba, amma ya daɗe a gari-gari, kuma Settru bai nemi kowa ya ɓare masa goro ba.

Sudhanva bai zama babban tauraro ba. Masu ba gurgu jan fim ba su da yawa, har yanzu. Ya fito a wasu finafinai, ya samu lambar yabo ɗaya, sannan ya koma Mysuru yana koyar da wasan daɓe. An ce ɗalibansa suna tsoronsa kamar me.

Auren Impana a Hassan aka yi, mun je. Ita kaɗai ce wajen iyayenta, ba wa ba ƙane. Da aka zo wajen da ɗan'uwan amarya yake zuba mata gasasshiyar shinkafa a tafin hannu ta zuba a wuta, mai ɗaura auren ya ɗaga kai ya ce, "Ina ɗan'uwan amarya?" 'Yan'uwan uwa da na uba suka fara duban juna. Impana ta juya ta ce, "Biri, kai ake jira." Ango da kansa ya sauko, shi da Kotresh suka ɗaga keken suka ɗora a dandamali. Sudhanva ya cika hannu biyu da shinkafa ya zuba mata, rabi ya zube a kan zaninta na siliki.

Ta ce masa ƙasa-ƙasa, amma mu na gaba mun ji, "Ko wannan ma sai an sake ɗauka?"

Ya ce, "Yi shiru, Malama, aurenki ake yi."